Yatsa Huɗu na Bindigar Makau

Duk harsashin da maharbi ya harba ya kuskure, kada ka ɗauka ciyawa ya faɗa ya kwanta. Akwai inda yake zuwa. Can bayan dazuzzukan da ƙafar mutum ke iya ratsawa akwai wani gari na aljanu da ake kira Birnin Mafaɗa, garin da ruwan samansa darma ce. Mutanensa ba su fita sai da kaskon ƙarfe kife a ka, kuma da wuya ka sami gidan da babu gurgu ko mai ido ɗaya. Cikin duk maharban da suka addabi wannan gari, babu wanda aka fi sanin darmarsa kamar Korau ɗan Makau, mutumin ƙauyen Dogon Marke.

Korau ƙato ne, ya ɗebo jikin kawunnansa, ga faɗin ƙirji ga hannu kamar faifai. Ubansa Makau kuwa siririn mutum ne, har ya mutu ba a taɓa jin ya harba sau biyu kan dabba ɗaya ba. Ya rasu Korau na goye, ya bar bindigar toka guda, da 'ya mai wayo, Tabawa, da magana ɗaya game da bindigar: ɗurinta yatsa huɗu.

Ga wanda bai san ɗuri ba, ga yadda yake. Ana zuba albarushi daga ƙaho, a tura tsumma, a danne da sandar ɗuri. Abin da ya rage na sandar a saman bakin bindiga shi ake jera wa yatsu a auna. In albarushi ya yi yawa bindiga ta yi harbin jaki, darma ta tashi sama. In ya gaza, darma ta gaji a hanya ta ci ƙasa.

Uwarsu ba ta daɗe ba ta bi mijinta, Tabawa ce ta raini Korau, kuma da ya isa shiga daji ita ke ɗura masa bindiga kowace safiya, yadda take dama masa fura. Mijinta ya mutu, ta dawo gida. Matar Korau ta gudu saboda zafin hannunsa, suka rage su biyu. Shekara da shekaru nama bai yanke a gidan ba, Korau yana kirari a dandali yana bugun ƙirji. Sai wata safiya abokan farautarsa suka biyo masa da wuri, suka tarar da Tabawa durƙushe da bindiga tsakanin gwiwoyi. Kafin azahar maganar ta zagaye gari: ashe mace ke ɗura wa Korau.

Ya dawo ido jawur, ya fizge sandar ɗurin, ya zabga mata a bayan hannu.

"Daga yau in na ƙara ganin hannunki kan bindigar nan, Yaya, sai na karya shi."

"Korau, tsaya ka ji abu ɗaya..."

"Yatsa huɗu ne. Na sani. Ni ma ina da yatsu."

Ta hure hannunta ta koma gindin murhu, ba ta ƙara tayar da maganar ba. Daga ranar kuwa bindiga ta juya masa baya. Barewa tana tsaye tana kallonsa zai harba, ganye ya zubo daga saman itace. Ya canza maƙeri, ya canza albarushi, ya yi wa bindigar turare, ya yanka mata baƙin zakara. A banza. Ga Sarkin Baka, shugaban maharban ƙasar, ya tsufa ana neman magaji, ga makaɗin maharba ya fara saka sunan Korau a waƙa, wai mai harbin gajimare. Wannan waƙar ta fi yunwa cin ransa.

Wata rana da tsakar rana, ya kuskure wani gwanki da ko da dutse aka jefa sai an same shi. Yana zaune gindin kirya yana zagin bindiga, sai ga wani ɗan tsamurmurin mutum ya ɓullo daga cikin suri, da kasko a ka, yana tafiya a karkace. Ya buɗe wani ganye ya miƙo.

"Aminci gare ka, ɗan Adam. Wannan taka ce?"

Darma ce, da tsagar da Korau ke yi wa tasa da wuƙa.

"Tawa ce. A ina ka tsinta?"

"A cikin ƙuguna. Sunana Karkatau, kuma kafin ka fara ɗura wa kanka bindiga ba haka ake kirana ba. Magajiyar Mafaɗa ta aiko ni. Ta ce ta gaji da binne jama'arta. Ka zo a nemo maka ɗurin gaskiya na bindigar nan, ka huta da kunya, mu huta da darma."

Wani zai ce bari in je in sallami gida. Korau ko ruwan da ke gorarsa bai tsaya dubawa ba. Ya rataya bindiga ya bi aljanin cikin surin.

Suka fito a wani fili baƙi ƙirin, babu itace babu ciyawa, rana tana dukansa. Karkatau ya ce, "Wannan ba yashi ba ne, albarushin da maharba suka ɓarnatar ne tun farkon duniya. Ƙarfe ya taɓa ƙarfe a nan, ko tokarmu ba za a samu ba. Tuɓe takalmanka masu ƙusa, ka naɗe bindiga a rigarka." Korau ya ratsa filin ba takalmi ba riga, yana rungume da bindiga kamar jariri. Tafin ƙafarsa ya sale, bayansa ya yi bororo, bai yi ko tari ba.

Daga nan suka shiga wani kurmi da kowane itace cikinsa huda ne ko'ina, iska na bi ta hudojin tana kuka da muryar mutane. A tsakiyar kurmin dabbobi suka tare hanya, duk waɗanda aka raunata ba a kashe ba. Barewa mai ƙafa uku, mazo da hanji a waje ƙudaje na bi, ɓauna da kafaɗa ta ruɓe. Ba su mutuwa a wurin nan, ba su kuma warkewa. Wani gadu da muƙamuƙinsa na ƙasa ke lilo ya matso.

"Ɗan Makau, ubanka ya kashe kakana da harbi ɗaya, ba mu riƙe shi da komai ba. Kai ka bar ni da yunwa. Ba ka wucewa sai ka tauna mini abinci."

Aka turo masa saiwoyi masu ɗaci da ƙasa a jikinsu. Korau ya durƙusa, ya tauna, ya tofa a tafin hannu, ya ɗura wa gadun a maƙogwaro, har dasashinsa ya fashe. Kada ka ce tausayi ne ya kama shi. Yana taunawa yana auna wuyan gadun da ido, yana cewa a ransa, in na dawo da ɗurin gaskiya da kai zan fara.

Bayan kurmi sai kogin hayaƙi, mai warin farar wuta, wanda ake ratsawa da numfashi a riƙe. Karkatau ya kama shi da wuyan hannu ya ja. Korau ya ji hannuwa suna shafa ƙafafunsa daga ƙasa, ya ji ana kiran sunansa da muryar uwarsa, bai buɗe baki ba. Da ƙirjinsa ya kusa tsagewa sai suka faɗo kan tudu, ga ganuwar Birnin Mafaɗa a gabansu.

Rufin gidajen garin duk duwatsun niƙa ne da aka jera. Suna cikin tafiya aka ji ƙwal a kan kaskon wata mata mai tallan nono, ta yi tangaɗi, ta gyara ƙwaryarta ta wuce. Gaba kaɗan wani tsoho da ya cire nasa don ya sosa kai yana kwance, ana jan sa da ƙafa. Jama'a suka yi cirko-cirko suna kallon Korau, babu mai zagi, babu mai gaisuwa.

Magajiya tana zaune ƙarƙashin wani falalen dutse da ginshiƙai suka tallafe. Doguwa ce, fara sol, da huda a kumatu ta dama wadda ta fita ta hagu, in tana magana iska na fita da ɗan fito.

"Maraba da mai yi mana ruwa. An yi wasu shekaru da ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗo mana daga bindigar nan ba, har yaranmu suka fara wasa a fili. Sai kuma abin ya dawo. Me ya sauya, ɗan Makau?"

"Ranki ya daɗe, bindiga ce ta tsufa."

"Haka ka gani?"

"Haka ne."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai, sannan ta tafa. Wani maƙeri mai hannu ɗaya ya fito, ya karɓi bindigar, ya leƙa cikinta, ya wanke ta da ruwan zafi, ya narka darma ya zuba ƙwayoyi masu cika bakinta daidai, ya yanka tsumma kauri ɗaya. Ya ce, "Bindiga lafiyarta lau. Darma na daidaita, tsumma na daidaita. Saura albarushi, shi kuwa ba a sanin gaskiyarsa sai an gwada. Ka harba, ka duba inda ta bi, ka rage ko ka ƙara."

Aka kai shi bayan gari, aka rataye ƙwallon goruba da zare a reshen wani busasshen itace, nesa da shi kamar inda barewa ke tsayawa ta ɗauka ta tsira. Duk garin suka fito da kaskonsu.

Magajiya ta ce, "Kafin ka ɗana kunama, ji sharaɗin wurin nan, don mu ba mu yaudara. Abin da kuka kuskure a ƙasarku, kanmu yake sauka. Abin da aka kuskure a ƙasarmu, gidan maharbin yake sauka, kan abin da ke numfashi a ciki. Za ka gani da idonka cikin hayaƙin bindigarka. Duk sa'ad da ka ce ka fasa, Karkatau zai mayar da kai gida kafin ka ƙifta ido, amma wanda ya fita ba ya dawowa. Wa ka bari a gida?"

"Akuya da kaji, ranki ya daɗe." Sannan ya ƙara da cewa, "Da yayata."

"To, bismilla."

Ya zuba albarushi, ya danna, ya jera yatsunsa huɗu a kan sandar, daidai. Ya tura darma, ya durƙusa, ya saita, ya ja. Bindiga ta doke shi a kafaɗa, reshe can sama da gorubar ya karye. Hayaƙi ya tsaya cak a gabansa bai watse ba, sai ga tsakar gidansu a ciki. Tabawa na tatsar akuya. Akuyar ta yi tsalle ta faɗi, kanta a fashe, jini cikin ƙwaryar nonon. Tabawa ta miƙe tana salati, tana duban sama, tana duban katanga.

Jama'ar Mafaɗa suka yi wata 'yar guɗa a hankali.

"Ta yi sama," in ji maƙerin. "Ya yi yawa."

Korau ya ga akuyar, gaskiya ne, amma abin da ya fi cika masa kai shi ne ashe huɗun ce ta yi yawa. Akuya ai ana sayen wata. Kaji kuma suna da yawa, in ma wata darmar ta sake faɗawa, su za ta samu. Ya goge bindiga, ya zuba yatsa uku.

Wannan karon ƙarar ba ta kai ta farko ba, ƙasa ta tashi gaban itacen. Cikin hayaƙi ya ga Tabawa ta jawo akuyar za ta kai inuwa, sai ta zube kamar an share mata ƙafa. Darmar ta shiga cinyarta. Jini ya ɓalle, ba irin mai ɗiga ba, irin mai tsartuwa. Ta yage gefen zaninta tana ƙoƙarin ɗaurewa. Damina ce, duk maƙwabta suna gona.

"Korau!" Muryarta ta fito daga hayaƙin sarai. "Wayyo Korau, kana ina? Jama'a, babu kowa?"

Magajiya ta ce, "Jijiya ce. In aka ɗaure da ƙarfin namiji yanzu, za ta rayu, ta yi ɗingishi kamar Karkatau. Hanya a buɗe take, ɗan Makau."

Karkatau ya miƙo hannu. Korau ya dubi hannun, ya dubi gorubar. Huɗu ta yi sama, uku ta yi ƙasa. Gaskiyar tana tsakani, tazarar da ba ta wuce kaurin yatsa ɗaya ba. Ya sale ƙafa, ya tauna wa gadu saiwa, sannan ya koma Dogon Marke hannu wofi, makaɗi ya ci gaba da waƙarsa? Ɗuri ɗaya ai ba ya cin lokaci. In ya samu, babu abin da zai faɗa gidan, ya koma da ɗurin, ya ɗaure mata ƙafar, kowa ya huta. Haka ya lissafa, kuma lissafin ya yi masa daɗi ƙwarai.

"Yaya tana da ƙarfin hali," ya ce. "Za ta jira."

Ya zuba uku da rabi. Ya saita da kyau, ya riƙe numfashi. Darma ta shafi saman gorubar, ta ɗebe mata ɓawo, ta bar ta tana lilo a zarenta.

Bai so ya duba ba, amma hayaƙin a gaban idonsa yake. Tabawa ta ja jiki har bakin zaure, ta bar jan layi a ƙasa tun daga turken akuya. Ta kama dogarin ƙofa ta ɗago ƙirji don ta ƙwala kira, a nan darmar ta same ta. Ba ta yi ƙara ba. Ta zame a hankali ta kwanta a gefe, kaji suka taso suna tsattsage ƙasa kusa da kanta.

Korau ya saki bindiga, ya kurma ihu, ya kai hannu cikin hayaƙin, hayaƙin ya watse. Ya faɗi yana birgima yana kiran Yaya, Yaya, kamar yaron da aka bari a kasuwa. Babu wanda ya taɓa shi. Suka bar shi ya yi mai isarsa.

Da ya lafa, Magajiya ta sunkuyo, fiton kumatunta na shiga kunnensa.

"Saura ƙiris, ɗan Makau. Gashin kai ɗaya za ka rage. Kuma yanzu hankalinka kwance, ba sauran abin da za ka yi asara sai kaji. Harba son ranka."

Da a ce ya tofa mata yawu ya tafi, da an sami abin faɗa a kansa na kirki. Ya tashi, ya share majina da bayan hannu, ya ɗauki bindiga. Ya zuba, ya rage ɗan kaɗan, ya danna. Goruba ta tarwatse, zaren ya rage yana kaɗawa shi kaɗai.

Garin ya ɗauki guɗa. Wasu suka cire kaskonsu suka jefa sama. Maƙerin ya sa shi ya sake zuba irin wannan ɗurin, ya ɗauko karan dawa, ya gwada da abin da ya rage na sandar, ya yanke daidai, ya damƙa masa.

"Ga ɗurin bindigar Makau. Kada ka ƙara auna shi da yatsunka."

Magajiya ta ce, "Mun cika alkawari. Ba mu ɓoye maka komai ba, ba mu kuma riƙe hannunka ba. Sauka lafiya."

Karkatau ya taɓa kafaɗarsa, sai ga shi tsaye a ƙofar gidansu, ba riga ba takalmi, rana ta karkata. Zaure cike da maza sun yi jugum. An share jinin da toka, amma ana ganin layinsa. Ya kutsa ciki. Gwaggo Dije, tsohuwar maƙwabciyarsu, ta fito daga ɗaki hannunta jiƙe.

"Sai yanzu, Korau? Ina ka shiga? Mun dawo daga gona muka tarar da ita a bakin ƙofa, darma biyu a jikinta, kuma babu wanda ya ji ƙarar bindiga. Wane marar imani ne zai yi wa baiwar Allah haka, ita da ko kaza ba ta kora da ƙarfi?"

Ta matsa gefe ta nuna masa ɗakin.

"Shiga ka yi mata addu'a kafin a rufe. Ita ce uwarka, ita ce ubanka."

Ya durƙusa gaban tabarmar da aka kwantar da ita. An lulluɓe ta, sai hannun dama da ya zamo waje, da tabon sandar ɗuri a bayansa har yanzu. Gwaggo Dije ta tsaya a kansa tana sharar hawaye da gefen mayafi.

"Dubi hannun nan. Kamar an ciro na Makau an dasa mata. Shi ma haka yatsunsa suke, sirara, mutane har tsokanarsa suke wai hannun masu saƙa ne da shi."

Karan dawan yana cikin tafin Korau tun daga Mafaɗa, gumi ya jiƙa shi. Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya haɗa yatsunta huɗu, sun riga sun yi sanyi, ya ɗora karan a kansu a gicciye. Bai wuce ba, bai gaza ba.

"Me kake yi haka, ɗan nan?" in ji Gwaggo Dije.

"Ba komai, Gwaggo."

Aka binne Tabawa kafin magariba. Ba a taɓa gano wanda ya harbe ta ba. Da kaka ta yi, Korau ya shiga daji, kuma daga ranar bai ƙara kuskure ba, ko tsuntsu a sama. Makaɗi ya sauya waƙa, aka naɗa shi Sarkin Baka, nama ya yi yawa a gidan har yana wari don babu mai gyarawa. Shi ke dama furarsa, ba ta taɓa yin daɗi ba.

Samarin maharba sukan zo su durƙusa a zaurensa, a daidai inda Tabawa ta faɗi, wurin da ya hana kowa takawa, ya daka musu tsawa su matsa gefe. Sai su ce, "Sarki, don Allah a taimaka mana da sirrin. Nawa ne ɗurin bindigar nan?"

Yakan shafa aljihun da karan yake, ya ce, "Yatsa huɗu."

Su yi godiya su tashi, kowa ya je ya jera nasa yatsun. Har ya mutu babu wanda ya tambaye shi yatsun wa.